Butar Shayin da Ba Ta Riƙe Ruwa

Duk inda za a yi babban gini a Dutse, allo ne ke riga bulo zuwa. Kafin tifa ta juye yashin farko an riga an kafa ƙarafa biyu a bakin titi, an ɗaura musu hoton ginin kamar jiya aka gama shi: bene hawa uku, gilasai suna ɗaukar ido, ciyawa kore shar, motoci a jere kowace a gurbinta. Tun ranar 27 ga Agusta 1991 da garin ya zama hedikwatar Jihar Jigawa bai huta da gini ba, don haka idon mutanensa ya saba da alluna. A bayan allon kuwa sau da yawa fili ne fetal, sai sabara da tumfafiya, sai awaki suna kiwo.

Wanda ya tsaya ya ƙura wa hoton ido zai ga abubuwan mamaki. Sararin samaniyarsa shuɗi ne garau, irin wanda hazon hunturu bai taɓa ziyarta ba. Babu ƙura ko ɗaya a jikin gilashi. Babu tankin ruwa, babu janareto, babu mai tallan ruwan leda a bakin ƙofa. Mutanen da ke yawo a harabar suna sanye da kwat, wata ta rataya jaka tana murmushi, kuma babu wanda ya yi gumi, alhali a Dutse cikin watan Afrilu ko ƙadangare inuwa yake nema. Sannan ga bishiyoyin dabino a jere, dukansu manya, tsayinsu ɗaya. Idan aka ƙara lura za a gane cewa ta uku ita ce ta farko, an ɗan juya ta ne kawai don kada ido ya yi saurin ganewa.

Yadda ake haɗa irin wannan hoto abin a tsaya a duba ne. Mai zanen gini yana zaune gaban kwamfuta da manhaja irin su SketchUp ko Blender ko Lumion. Abin da yake fara yi shi ne raga: ɗigo-ɗigo da layuka da ke haɗa su, har su zama dubban ƙananan alwatika da suka zagaye siffar abin. Bango a wurinsa fuska ce kawai, shimfiɗaɗɗiya, ba ta da kauri balle nauyi. Bayan raga sai lulluɓi, a ɗauko hoton bulo ko marmara ko katako a manna a kan fuskokin nan. Daga nan a kafa rana ta ƙarya a wani lungu na sama, a faɗa mata ƙarfinta da inda za ta haska. A ƙarshe a dasa kyamara, ita ma ta ƙarya, a zaɓa mata kusurwar da ginin ya fi kyau. Sai a bar injin ya yi lissafi, ɗigo bayan ɗigo, wane launi ya kamata ya isa ido daga kowane wuri. Wannan matakin shi ne wankin hoton, kuma yakan ɗauki mintoci ko sa'o'i gwargwadon ƙarfin na'ura.

A cikin wannan lissafi akwai wata dabara ta tattali da ta cancanci a daɗe a kanta. Injin ba ya ɓata ƙarfinsa a kan abin da kyamara ba za ta gani ba. A wasannin kwamfuta da sauran hotunan da ake so su fito nan take, duk fuskar da ta ba kyamara baya tsallake ta ake yi, haka ma duk abin da ya faɗa wajen iyakar kallo. Mai zanen ma haka yake aiki. Idan gaban gida za a nuna, ba zai wahalar da kansa da bayan gida ba. Idan ba za a buɗe ƙofa ba, ba ya sa komai a ɗakin. Ba ha'inci ba ne a sana'ar, hikima ce. Fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma wanda ya ce sai ya gina abin da ba za a gani ba, ba zai gama ba. Birnin sarauta da rundunonin yaƙin da masu kallon fassarar Indiya-Hausa suka sha mamaki a kansu a fim ɗin Baahubali na 2015, da yawansu ta wannan hanya aka yi su: iyakar abin da ido zai kai, iyakar abin da aka gina.

Akwai wata butar shayi da duk masu wannan sana'a suka sani. A 1975 wani ɗalibi mai suna Martin Newell, da ke karatun digirin digirgir a Jami'ar Yuta ta Amurka, yana neman abu mai lanƙwasa da hannu da baki da murfi wanda zai gwada lissafinsa a kai. Matarsa ta nuna masa butar shayinsu ta tangaran da ke kan tebur. Ya auna ta, ya zana ta a takarda, ya shigar da lambobin cikin kwamfuta. Butar ta bazu a duniya, ta zama abin gwajin kowane sabon salo na haske da inuwa, har ta leƙo a fim ɗin Toy Story na 1995, wanda shi ne dogon fim na farko da aka yi gaba ɗayansa da kwamfuta. Ta ainihin tana ajiye a gidan tarihin kwamfuta da ke Kalifoniya. Amma butar da Newell ya shigar a kwamfuta ba ta da gindi. A kan tebur take zaune, ba wanda zai leƙa ta ƙasa, don haka bai zana wurin ba. Shekara da shekaru ana sa mata ƙyalli, ana mai da ita ta zinariya, ta gilashi, ta dutse, masana suna tafa mata, alhali da za a zuba mata ruwa ko cokali ɗaya ba za ta riƙe ba.

Abin da ya fi butar ban sha'awa shi ne ɗakin da ta fito. David Evans ya kafa sashen ilmin kwamfuta na wannan jami'a a 1965, Ivan Sutherland ya zo ya same shi a 1968, kuma cikin 'yan shekaru ɗalibansu suka shimfiɗa kusan duk tubalan wannan fasaha. Henri Gouraud, mutumin Faransa, da Bui Tuong Phong, mutumin Biyetnam, su suka gano hanyoyin sa haske ya kwanta lumui a kan raga har gaɓoɓinta su ɓace. Har yau da sunayensu ake kiran hanyoyin. Ed Catmull a 1972 ya yi gunkin hannunsa na hagu da filasta, ya zana masa 'yan kusurwoyi wajen 350, ya sa shi motsi a allon kwamfuta. Shi ne daga baya ya shugabanci kamfanin Pixar. John Warnock ya fita ya kafa Adobe tare da abokinsa a 1982. Jim Clark ya kafa Silicon Graphics. Mutane ƙalilan ne a duniya za su iya faɗin kamannin ginin da waɗannan samari suka yi karatu a ciki, ko launin fentinsa. Da tsofaffin ɗalibansa aka san wurin. Fasahar da ta fi kowace iya ƙawata bango, ita kanta ba bango ne ya haife ta ba.

Makaranta ma tana da hotuna iri biyu. Akwai wanda take bugawa a kalanda da takardar neman ɗalibai: ƙofar shiga, ɗakin taro, yara uku masu tsabta suna kallon littafi ɗaya a gindin bishiya. Akwai kuma wanda ba ita ke riƙe da kyamararsa ba, wato mutanen da suka shiga ta ƙofar nan suka fita, suka watsu cikin kasuwa da asibiti da ofis da gona. Na farko a rana guda ake wanke shi. Na biyu sai an shekara ashirin ko talatin yake fara fitowa, kuma ba a iya goge wani ɓangarensa a sake.

Kwalejin Barewa ta ishi mai tunani misali. A Katsina aka kafa ta a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta sake ƙaura zuwa Zariya a 1949, sunan Barewa kuma sai a 1971 ta same shi. Gari uku, suna fiye da uku, tsohon gininta na Katsina ma ya zama gidan tarihi. Da gini ne makaranta, da an ce makarantu ne daban-daban. Abin da ya ɗinke su wuri guda shi ne jerin mutane: Sardauna Ahmadu Bello, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Umaru Musa 'Yar'aduwa, har da Sule Lamido da ya mulki Jigawa daga 2007 zuwa 2015. Wanda ya zauna a ajin laka na Katsina da wanda ya zauna a na siminti a Zariya ba su taɓa kwana ɗaki ɗaya ba, amma idan sun haɗu kowa ya san matsayinsa, ƙaramin ya gaida babban.

Nan kusa da Dutse, Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu tana da nata jerin, da ƙungiyarta ta tsofaffin ɗalibai da ake kira BIKOBA. Da an ambaci makarantar, sunan da ke fara zuwa baki shi ne Aliko Ɗangote, wanda ya yi karatu a can a shekarun 1970. Ba laifi a yi alfahari da shi. Sai dai makarantar da ta yaye dubbai ba ta ƙare a suna ɗaya ko goma ba, kuma abin da ya mai da yaro ɗanta ba a ɗakin taro ya faru ba. Duk wanda ya yi makarantar kwana a wannan yanki ya san inda ya faru: a layin karɓar gabza da kwano a hannu, a ɗiban ruwa kafin asuba cikin sanyin Janairu, a wankin kayan siniya, a daren da zazzaɓi ya kama na gadon sama na ƙasa ya kwana yana jiƙa masa tsumma, a hannun malamin lissafin da ya ƙi yarda da amsa sai an nuna masa hanyar da aka bi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ake ɗauka a hoto. Su ne gindin butar, wurin da ba a gani, kuma su ke sa mutum ya riƙe abin da aka zuba masa.

Tsangaya ta daɗe da sanin haka. Ba ta da allon talla, wani lokaci ko katanga ba ta da ita, amma idan gardi ya buɗe baki ya yi tilawa, masu kunne sukan gane karatun wane alaramma ne. Tambayar da ake yi ita ce almajirin wa, ba a tambayar fasalin zauren.

Wani abin lura kuma: a wurin kwamfuta, tsabta ita ce araha, tsufa shi ne tsada. Bango sumul, layi miƙaƙƙe, fuska marar tabo, waɗannan su injin ke bayarwa ba tare da an roƙe shi ba. Amma idan ana son abu ya yi kama da gaske, sai an ɗauki ma'aikata na musamman su zauna suna zana tsatsa a jikin ƙofa, suna sa tsaga a bango, suna dasa ƙurji da tamoji a fuska, suna karkatar da abin da ya cika daidaituwa. Masu sana'ar sun gane cewa ido ba ya yarda da abin da bai taɓa shan wuya ba. Fuskar da aka ƙera ta kusa zama ta mutum amma ta rasa waɗannan alamomi, maimakon ta burge sai ta sa tsikar jiki ta tashi. Wani masanin mutum-mutumi na Japan, Masahiro Mori, ya yi bayanin wannan tun 1970. A halittar Ubangiji kuwa abin a juye yake. Furfura da saƙo da gurbin haƙori kyauta suke zuwa, lokaci ne ke zana su, kuma kowane da labarinsa. Shi ya sa taron 'yan aji ɗaya bayan shekara talatin yake da wani daɗi da ba a iya sayensa: kowa yana duban fuskar ɗan'uwansa yana neman yaron da ya sani a ƙarƙashinta, kuma yana samunsa.

Duk da haka ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana iya rikiɗewa ta zama irin hoton allon nan, kuma ba ta jin lokacin da hakan ke faruwa. Ana fara dasa kyamara ne, sannan a gina abin da za ta gani. A yi anko, a kama babban ɗakin taro, a jera kujerun alfarma a gaba. Mai muƙami ya zo a makare a tashi tsaye, a ba shi lambar yabo, shi ma ya yi alkawarin gina ɗakin karatu, a tafa. A shafe bangon da ke kallon titi da sabon fenti, a manna allon marmara mai sunayen shugabanni. Bayan wannan bango, inda baƙi ba sa zagayawa, makewayin yara ya rufta tun daminar bara. Ba mugunta ta kawo haka ba. Dabarar tattalin nan ce ta injin: ƙarfi kaɗan ne, a kashe shi inda ido zai kai.

Mutane ma ana tsallake su kamar fuskokin da suka ba kyamara baya. A kowane aji akwai wanda ya zama malamin firamare a wani ƙauye na Jahun ko Miga ya yi ritaya a can, akwai mai facin taya, akwai wanda ciwo ya kwantar, akwai wanda bai ma gama ba saboda mahaifinsa ya rasu yana aji uku. An sa shi a zauren WhatsApp na 'yan aji, ya ga ana yanka kuɗin gudummawa da ya fi albashinsa, ya yi shiru, daga baya ya fice ba wanda ya lura. A rajistar makaranta lambarsa tana kusa da ta mai girma, gabza ɗaya suka ci, bulala ɗaya suka sha. Idan aka cire shi daga hoton, abin da ya rage ya fi kyau, amma ya daina zama hoton makarantar. Fankan-fankan dai ba shi ne kilishi ba.

Injin kuma idan yana son taro, mutum ɗaya yake ƙerawa ya maimaita shi sau dubu, ya canza wa wannan riga, ya ɗan rage wa wancan tsayi. Aji ɗaya kuwa malami ɗaya, allo ɗaya, littafi ɗaya, amma a fitar da alƙali da ɗan kasuwa da likita da mawaƙi da wanda har yau ba a san inda ya dosa ba. Ƙungiyar da ke son 'ya'yanta su zama kamanni ɗaya, masu nasara iri ɗaya, tana neman abin da Mahalicci bai yi ba ko a yatsun hannu guda.

Dabinon Dutse na gaske, wanda ya sa har cibiyar binciken NIFOR ta buɗe reshe a garin saboda shi, yana da abin da zai nuna a nan. Jikinsa ba sumul yake ba. Daga ƙasa har sama guntaye ne a jere, kowane ɗaya tushen zarɓa ce da ta taɓa zama kore a ƙololuwa, ta yi zamaninta, aka sare ta, sababbi suka fito a samanta. Zarɓar ta tafi, an yi tsintsiya ko shinge da ita, amma gurbinta ya zauna ya zama jikin bishiyar. Mai hawa idan zai je yin barbara ko yanko nono, waɗannan guntayen yake takawa. Ba ya zaɓar wanda ya fi kyau, na ƙasa-ƙasan nan da ƙura ta rufe shi ne matakinsa na farko. Kuma dabino ba ya gaggawa: yakan shekara huɗu zuwa takwas kafin ya fara 'ya'ya, wanda aka shuka daga ƙwallo ma ba a sanin mace ce ko namiji sai ya yi fure.

Wannan ba tsine wa hoton kwamfuta ba ne. Yana da aikinsa, kuma aiki ne mai kyau. Da shi mai gini ke ganin kuskure kafin a zuba kankare, da shi ake shawo kan mai ba da kuɗi, da shi ɗalibin likitanci ke jujjuya zuciya a allon waya yana ganin jijiyoyinta. Hoton da ke bakin fili niyya ce aka ba ta launi, kyan alkawari kuma cikawa. Matsala tana farawa ne ranar da aka manta cewa niyya ce, aka shiga lissafa shi cikin abin da aka riga aka yi. Gani ya kori ji, haka aka ce, amma an yi karin maganar ne a zamanin da ido bai iya ganin abin da babu shi ba.

Jami'o'in wannan yanki kuwa yara ne. Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 aka kafa ta, ta jiha da ke Kafin Hausa a 2013. Waɗanda suka fara fita daga cikinsu har yanzu matasa ne, wasu suna neman aiki, wasu sun buɗe shago, wasu suna koyarwa, wasu ma su ne ke zaune gaban kwamfuta suna zana gine-ginen da ake ɗaurawa a alluna. Ba a kai lokacin lissafa musu gwamnoni da attajirai ba, kuma wannan wata dama ce da tsofaffin makarantu suka riga suka wuce: har yanzu babu kujerun gaba, kowa ya san kowa da sunan da ake tsokanarsa da shi a hostal. Abin da za a iya yi a irin wannan lokaci ba shi da armashi. A rubuta sunan kowa, har wanda ya bari a hanya. A bi lambar da ta daina shiga a nemo sabuwa ta hannun ɗan garinsu. A yanka kuɗin ƙungiya daidai aljihun mafi ƙarancin samu, mai hali ya ƙara a ɓoye. A je gaisuwar mutuwa a Kiyawa ko Gwaram ko da ba wanda zai ɗauki hoto. Yawancin wannan aikin sakatare ne, kuma a ƙungiyoyi da dama kujerarsa ce ba a cika yi wa takara ba.